The Balcony: yadda 'yan jarida suka kushe kundin da matasan Birtaniya suka rungume

Duk wanda ya shiga intanet neman bayani a kan ƙungiyar mawaƙan nan ta Wales mai suna Catfish and the Bottlemen zai fito da ɗan ruɗani a kansa. Kundin waƙoƙinsu na farko, The Balcony, ya fito ranar 15 ga Satumba 2014, mujallar NME wadda a lokacin ita ce uwa a harkar sharhin kiɗan jita a Birtaniya ta ba shi maki 4 cikin 10, ta ce ya makara da wajen shekara tara. To amma kuma wannan kundin dai shi ne ya shiga na 10 a jadawalin cinikin kundaye na ƙasar, daga baya ya samu shaidar platinum, yaran da suka yi shi suka ɗauki kyautar Brit, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan waƙa na Birtaniya, a 2016, sannan a 2024, shekarar da kundin ya cika goma, suna cikin manyan da aka ba su rufe dare a bikin kaɗe-kaɗe na Reading da Leeds, matsayin da ba kowace ƙungiya ke takawa ba ko da ta shekara ashirin tana kiɗa.

Shi ya sa tambayar take ta dawowa, wai masu sharhin ne ba su san aikinsu ba, ko kuwa jama'a ne ba su da kunne? Kafin mutum ya ɗauki ɓangare yana da kyau ya san su wane ne yaran, me ake nufi da kalmomin da ake ta jifa da su, da kuma halin da kasuwar waƙa take ciki a shekarar da kundin ya fito.

## Daga Llandudno aka faro

Llandudno ƙaramin gari ne a bakin teku a arewacin Wales, mutanensa ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba, garin hutu ne tun zamanin Sarauniya Victoria, otal-otal da gidajen saukar baƙi ne suka cika shi. Ba gari ne da aka sani da fitar da mawaƙa ba. A nan ƙungiyar ta haɗu a 2007, jagoranta kuma mai rubuta waƙoƙin shi ne Van McCann, wanda iyayensa ke riƙe da gidan saukar baƙi a garin. Tare da shi akwai Billy Bibby a jita, Benji Blakeway a bes, daga baya Bob Hall ya zo ya karɓi ganga. Sunan ƙungiyar ma daga wani makaɗin titi ne da McCann ya ce ya gani a Sydney ta Ostireliya yana yaro, mutumin yana kiɗa da kwalabe.

Shekaru suka ɗauka suna fama ba wanda ya san da su. Abin da aka fi ba da labari shi ne yadda suke zuwa wurin da wata babbar ƙungiya za ta yi wasa, su kafa kayansu a filin ajiye motoci su yi wa masu jiran shiga kiɗa kyauta, su kuma bi motoci suna maƙala faifan CD ɗinsu a jikin gilashi, ko Allah zai sa wani ya saka a mota a hanyar komawa gida. Steve Lamacq na gidan rediyon BBC 6 Music yana cikin waɗanda suka fara saka waƙarsu tun ba su da kamfani. Sai a 2013 suka sa hannu da kamfanin Communion, wanda Ben Lovett na ƙungiyar Mumford & Sons yana cikin waɗanda suka kafa shi, a 2014 kuma kamfanin Island ya shigo cikin maganar. Bibby ya bar ƙungiyar dab da fitowar kundin, Johnny Bond ya maye gurbinsa.

Wannan tarihin yana da muhimmanci saboda abu ɗaya, lokacin da kundin ya isa teburin masu sharhi a Landan, ƙungiyar ta riga ta tara masoyanta da ƙafarta, gari-gari, ɗakin wasa bayan ɗakin wasa, ba jarida ce ta haɗa su da mutanen ba.

## Indi, maki, platinum: me ake nufi?

Indi a asalinsa maganar kasuwanci ce. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980 ana nufin waƙar da ta fito daga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu irin su Rough Trade da Factory da Creation, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin duniya, har jadawalinsu daban aka buɗe musu a 1980. A hankali sai sunan ya tashi daga kan kamfani ya koma kan sauti, wato samari uku ko huɗu da jita da bes da ganga, waƙa gajera mai amshi. Shi ya sa ake kiran Catfish ƙungiyar indi duk da cewa Island na ƙarƙashin Universal ne, kamfanin waƙa mafi girma a duniya. Wasu tsofaffin masu sauraro har yau wannan na yi musu ciwo, kuma yana cikin abin da ke sa su kalli irin wannan ƙungiya da wani ido tun kafin su ji waƙar.

Maki kuma ra'ayin mutum ɗaya ne. Mujalla takan ba wa marubuci ɗaya kundi, ya saurara na 'yan kwanaki, ya rubuta kalmomi ɗari biyu ko uku, a ɗora lamba a ƙarshe, wasu cikin goma wasu taurari biyar. Edita na iya sa baki, amma dai ba ƙuri'a aka kaɗa ba. Akwai shafuka irin su Metacritic da ke tattara makin jaridu daban-daban su fitar da matsakaici cikin 100, wanda ya faɗo tsakanin 40 da 60 ana ɗaukar sa a matsayin wanda ra'ayi ya rabu a kansa. Idan kundin sabuwar ƙungiya ne da jaridu kaɗan suka kula shi, to mummunan sharhi ɗaya ko biyu sun isa su ja shi ƙasa sosai.

Shi kuwa platinum lissafin ciniki ne zalla, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Birtaniya, BPI, ita ke bayarwa. Kundi ya kai kwafi 60,000 azurfa ke nan, 100,000 zinare, 300,000 platinum, kuma yanzu ana haɗawa da sauraron da aka yi ta intanet a lissafa. Ba ruwansa da kyau ko muni. Don haka 4 cikin 10 da platinum ba sa karo da juna a kan takarda, ma'auni biyu ne da ba abu ɗaya suke aunawa ba.

## Abin da ke cikin kundin

Waƙoƙi 11 ne, duka-duka bai kai minti arba'in ba, kuma kowace waƙa sunanta kalma ɗaya ce tak, ɗaya ma lamba ce kawai. Furodusan shi ne Jim Abbiss, mutumin da ya yi aikin kundin farko na Arctic Monkeys a 2006, wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa.

Idan mutum ya saka waƙar farko, Homesick, zai ji yadda ginin yake. Jita ce guda ɗaya a hankali, sai muryar McCann ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa wata magana a waya cikin dare, ana tafiya haka na ɗan lokaci sai ganga da bes da jita ta biyu su faɗo gaba ɗaya, muryar ta tashi ta koma kusan ihu, amshin ya zo a daidai inda taro zai iya kama shi ko da yau suka fara ji. Daga nan a sauko, a sake hawa. Kusan duk kundin a kan wannan tsarin yake, in ban da waƙa ɗaya mai sanyi da aka yi da jitar katako, wadda ɗan fim Ewan McGregor ya fito a bidiyonta, da kuma ta ƙarshe wadda aka ja ta ta ɗan yi tsawo don ita ce suke rufe wasa da ita.

Baitocin kuma ba su da wani zurfin da za a ce sai an yi fashin baƙi. Soyayya ce ta 'yan shekara sha tara zuwa ashirin, rigima da budurwa, kiran waya da ba a ɗauka ba, ƙawayenta da ba sa son shi, shaye-shaye, sigari, ga ashar nan da can. McCann yana da shekara 22 kundin ya fito, wasu waƙoƙin kuma tun bai kai ashirin ba ya rubuta su. Abin lura shi ne masu yabo da masu kushe duk sun yarda da wannan siffar, babu wanda ya ce ƙarya ne, a kan hukuncin ne aka rabu.

## Dalilin da ya sa aka ce sun makara

Cire tara daga 2014, ka koma 2005. Wannan ita ce tsakiyar lokacin da kiɗan jita ya yi tashe a Birtaniya. The Strokes daga New York suka buɗe ƙofar a 2001, The Libertines suka biyo a 2002, Franz Ferdinand a 2004, Bloc Party da Kaiser Chiefs a 2005, sai Arctic Monkeys daga Sheffield da kundinsu na farko ya sayar da sama da kwafi 360,000 a mako guda a Janairun 2006, ita dai NME ɗin nan ta ba shi 10 cikin 10. Da kamfanoni suka ga kuɗi sai suka shiga ɗaukar duk wasu samari huɗu masu matsattsen wando da jita, kasuwa ta cika da masu kama da juna har aka ƙoshi. Wani ɗan jarida, Andrew Harrison na mujallar The Word, ya laƙaba musu suna "landfill indie", ma'ana indin da makomarsa juji, sunan kuma ya bi su. Ba a jima ba da yawansu kamfanoni suka sallame su.

To marubutan da ke sharhi a 2014 da yawansu a cikin wannan guguwar suka tashi ko suka fara aiki, sun ga hawanta sun ga faɗuwarta, wasu ma da hannunsu suka zuzuta ƙungiyoyin da daga baya aka riƙa yi wa dariya. A shekarar kuma hankali ya koma wani wajen, Ed Sheeran da Sam Smith ne suka mamaye ciniki, kyautar Mercury wadda alƙalai ke zaɓa ta tafi ga Young Fathers na Edinburgh masu haɗa rap da wasu sautuka da ba a saba ji ba, masu jitar da ake yabo kuma su ne masu ɗan bauɗewa irin alt-J. A cikin wannan yanayin sai ga wasu yara sanye da baƙaƙen kaya sun fito da sautin 2005 ba tare da sun canza masa komai ba, ba kuma tare da jin kunya ba.

Ƙorafin masu sharhin idan aka tattara bai wuce uku ba. Na farko babu sabon abu, duk abin da ka ji ka taɓa jin sa, an kamanta muryar McCann da ta Julian Casablancas na The Strokes, an kamanta kiɗan da na ƙungiyoyi irin su The Cribs da Feeder. Na biyu waƙoƙin sun yi kama da juna, ka ji uku kamar ka ji sha ɗaya. Na uku, wanda ya fi nauyi a wajen wasu, shi ne yadda ake maganar mata a baitocin, da zanen bangon kundin mai nuna batsa, daga baya kuma aka yi ce-ce-ku-ce a kan wani allon farashi da aka kafa a teburin sayar da rigunansu mai ɗauke da barkwancin batsa a kan mata, alhali da yawan masu zuwa wasansu 'yan mata ne ƙanana. Wannan na ukun ba maganar ɗanɗano ba ce, kuma ko masu kare ƙungiyar ba su cika samun amsa mai ƙarfi a kansa ba in ban da cewa wasa ne na yarinta.

Ba duka ne suka kushe ba fa. Akwai waɗanda suka rubuta cewa yaran sun iya haɗa amshi mai kama zuciya, kiɗansu a ɗaure yake saboda yawan wasan da suka yi a gaban mutane, kuma ba sa riya cewa su wasu ne daban. Shafin AllMusic na cikin masu sassauci. Amma murya mafi ƙarfi a lokacin ta NME ce, ita aka fi tunawa.

## Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Hujjar masoya mai sauƙi ce amma ba ta da rauni kamar yadda ake zato. Wanda yake da shekara 16 a 2014 yana da bakwai a 2005, bai je wasan The Libertines ba, bai sayi kundin farko na Arctic Monkeys ranar da ya fito ba, a wajensa wannan sautin ba tsoho ba ne, shi ne karon farko da wasu sa'o'in yayyensa suka hau dandamali a garinsu suna rera abin da yake ji a ransa. Kamar tela ne da ya ga wani ɗinki ya yi yayi ya wuce har ya gaji da shi, sai ga yaro ya zo yana so a yi masa shi a kayan sallarsa na farko da ya biya da kuɗinsa, telan bai yi ƙarya ba da ya ce an daina yayi, yaron ma bai yi kuskure ba da ya ga ya yi masa kyau.

Sannan akwai maganar inda aka gina waƙoƙin don su rayu. Mai sharhi a ofis ko a ɗaki yake saurare da abin kunne, shi kaɗai, yana neman abin da zai ba shi mamaki. Waɗannan waƙoƙin kuwa don ɗakin da ya cika maƙil aka yi su, inda mutum dubu biyu za su ɗauki amshi tare tun kafin mawaƙin ya buɗe baki, ana tsalle ana zufa ana ɗaga abokai a kafaɗa. Maimaicin da ke gundurar mai sharhi shi ne abin da ke sa taro ya san inda za a tashi da inda za a sauka. McCann kansa bai taɓa ɓoye wannan ba, ya sha faɗa a hira cewa burinsa ya cika filayen ƙwallo irin yadda ƙungiyar Oasis ta yi, kuma lokacin kundinsu na biyu ya ce da gangan suka ƙi bin masu neman bauɗiya don a ce sun iya.

Kyaututtukan da suka samu ma suna ba da labarin. A Disambar 2014 suka karɓi kyautar BBC Introducing a bikin karramawar waƙa na BBC na farko, wato ɓangaren da ke kula da sababbin mawaƙa. Kyautar Brit ta sabon tauraro da suka ci a Fabrairun 2016 kuwa jama'a ne suka kaɗa ƙuri'a, suka doke James Bay da Jess Glynne da Wolf Alice da Years & Years. Bayan wata uku kundinsu na biyu, The Ride, ya shiga na ɗaya. Duk inda ƙuri'a ko aljihun mutane ke yanke hukunci suna ci, inda kwamitin masana ke zama kuma ba a cika jin sunansu ba.

Wasu masu kare su sukan ƙara da cewa akwai raini a ciki, wai 'yan jaridar Landan da suka yi jami'a ba sa ganin yaran ƙananan garuruwa da gashi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin harkar jarida da ta waƙa a Birtaniya ta taru ne a Landan kuma an daɗe ana kukan 'ya'yan masu hali sun cika ta. Amma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta sosai ba, don jaridun nan dai su ne suka ɗaga Oasis daga unguwar talakawa a Manchester, su suka ɗaga Arctic Monkeys, su suka ɗaga Manic Street Preachers daga Blackwood, garin masu haƙar kwal a kudancin Wales. Bambancin da masu sharhi za su nuna shi ne Alex Turner na Arctic Monkeys tun bai kai shekara 20 ba ya rubuta baitocin da ke zana daren Sheffield da mutanenta dalla-dalla, ba yawan shekaru ko asalin gida ne ya hana McCann yin irin haka ba.

## Ina Wales a cikin maganar?

Nan akwai wani zaren da mutanen waje ba su cika lura da shi ba. A shekarun 1990 Wales ta fitar da jerin ƙungiyoyi da suka yi suna har aka riƙa kiran lokacin Cool Cymru, akwai Manics (wato Manic Street Preachers), Super Furry Animals, Catatonia, Gorky's Zygotic Mynci da Stereophonics. Waɗanda masu sharhi suka fi so a cikinsu su ne masu abin mamaki, Manics da siyasa da littattafai a baitocinsu, Super Furry Animals da gwaje-gwajen sauti, har suka fitar da kundi sukutum da harshen Welsh a 2000 ya kai na 11 a jadawali. Don haka idan aka ce ƙungiyar Wales, akwai abin da kunnen mai sharhi yake jira.

Catfish ba su shiga wannan layin ba. Da Turanci suke waƙa, babu Wales a baitocinsu ta yadda za a gane, McCann ma a Ingila aka haife shi kafin iyayensa su koma Llandudno, kuma daga Llandudno zuwa Liverpool ko Manchester ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zuwa Cardiff, babban birnin Wales, saboda haka kunnensu da lafazinsu arewa maso yammacin Ingila suka fuskanta. Wanda suka fi kama da su a tarihin Wales su ne Stereophonics na ƙauyen Cwmaman, su ma kundinsu na farko a 1997 ya shiga goman farko, su ma sun ci Brit ta sababbi a 1998, su ma dangantakarsu da 'yan jarida ta yi tsami har suka yi waƙa a kan marubuta a 2001, kuma har yau suna cika filaye.

Kyautar waƙa ta Wales, wadda Huw Stephens da John Rostron suka kafa a 2011, ta sa The Balcony a jerin 'yan takararta na 2015, wato gida bai yi watsi da su ba. Amma wadda ta ci ita ce Gwenno, da kundin da kusan duka da harshen Welsh ne, waƙa ɗaya da harshen Cornish. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh ba su kai kashi 18 cikin ɗari ba, alƙalan irin wannan kyauta suna kallon kansu a matsayin masu haska abin da kasuwa ba za ta haska da kanta ba, Catfish kuwa ba su buƙaci wannan fitilar ba.

## Lokacin da alƙalamin ya rage kaifi

Da a 1994 ne NME ta ba sabuwar ƙungiya 4 cikin 10, da wuya ta tashi. A lokacin saurayi yana da kuɗin kundi ɗaya ne a wata, ba shi da hanyar jin sa kafin ya saya, dole ya dogara da abin da NME ko Melody Maker suka ce. A 2014 kuwa kafin ya gama karanta sharhin ya riga ya buɗe YouTube ko Spotify ya ji da kunnensa. A watan Yulin shekarar aka fara lissafa sauraron intanet a jadawalin waƙoƙi na Birtaniya, a Maris 2015 aka shigar da shi na kundaye, wannan kuma ya taimaki irin kundin da matasa ke maimaitawa kullum shekara da shekaru, don ba cinikin makon farko kaɗai ake ƙirgawa ba.

Su kansu jaridun ƙasa ce take zame musu. Melody Maker ta rufe tun 2000, The Word a 2012, NME ta koma ta kyauta a Satumbar 2015, ta daina fitowa mako-mako a takarda a Maris 2018, mujallar Q ta rufe a 2020, a Janairun 2024 kuma aka sanar da cusa shafin Pitchfork na Amurka a ƙarƙashin mujallar GQ tare da sallamar ma'aikata. The Balcony ya faɗo ne daidai kan gaɓar da sharhi ya tashi daga mai tsaron ƙofa ya koma murya ɗaya cikin muryoyi.

## Wa abin yake shafa?

Ga mai sauraro na yau da kullum, ribar a fili take, babu wanda zai hana shi jin abin da yake so ko ya sa shi jin kunyar sa. Amma akwai abin da ya rasa. Sharhi mai kyau, ko da na kushe ne, yakan ce maka wannan sautin daga wurin wane aka ɗauko shi, je ka ji na asalin, ta haka yaron da ya fara da Catfish zai iya kaiwa ga The Strokes, daga nan ya kai ga waɗanda su ma suka koya a wajensu. Manhajar da ke zaɓo maka waƙa kuwa abin da ya yi kama da wanda ka ji jiya take ƙara turo maka, ba ta gardama da kai, ba kuma za ta taɓa tambayar yadda ake maganar mata a baiti ba. Wannan tambayar mutum ne kawai yake yin ta, kuma guraben aikin masu yin ta suna ta raguwa.

Ga ƙananan mawaƙa a garuruwa irin Llandudno, labarin Catfish ya zama abin kafa hujja, cewa ana iya tsallake Landan da jaridunta a je kai tsaye ga mutane. Bayansu an ga ƙungiyoyin jita da dama daga arewacin Ingila da Scotland suna cika manyan ɗakuna har suna shiga saman jadawali ba tare da wani yabon kirki daga masu sharhi ba. Sai dai wannan hanyar tana da sharaɗi, dole a samu ƙananan wuraren wasa masu ɗaukar mutum ɗari ko ɗari biyu inda ƙungiya za ta yi shekaru tana koyon sana'a a gaban mutum goma sha biyar, dole kuma a samu mai gabatar da shiri a rediyo da zai saurari faifan wanda ba a sani ba. Duka biyun suna cikin matsi. Ƙungiyar Music Venue Trust mai kare irin waɗannan wurare ta ce a 2023 kaɗai guda 125 ne suka rufe ko suka daina saka kiɗa, saboda tsadar haya da wuta da raguwar abin da matasa ke iya kashewa a dare, a shekarar kuma BBC ta haɗe shirye-shiryen Introducing na tashoshinta na yankuna a Ingila, aka rage yawansu.

A sama kuwa kuɗi sai ƙaruwa yake, tikitin filin ƙwallo yana tsada kuma yana ƙarewa, su Catfish ɗin ma sun kai matsayin da aka shirya musu wasa a filin Principality na Cardiff da na Tottenham a Landan a Agustan 2025. Wannan giɓin ne ya haifar da maganar a riƙa cire fam ɗaya daga kowane tikitin manyan wasanni a mayar wa ƙananan wurare. Ƙungiyar Enter Shikari ta fara yi da kanta, Coldplay suka yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025, gwamnatin Birtaniya kuma a ƙarshen 2024 ta goyi bayan tsarin amma ta bar shi a matsayin na ganin dama, tana cewa za ta duba yin doka idan masu harkar suka ƙi yi da kansu.